Ba na aikin komai, ina zaune ne a gida

Tambaya ta farko a takardar da na shiga gidan da ita ita ce: "A cikin kwana bakwai da suka wuce, kin yi wani aiki?" Matar da na yi wa tambayar tana zaune kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, a wani lungu na Kurna cikin Kano, hannuwanta duka biyu cikin turmi tana matsar tunkuza, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta. Ga kwalabe jere a gefenta an cika su da man gyaɗa, ga kasko a kan wuta, 'yarta kuma tana gyara mayafi za ta ɗauki farantin ƙuliƙuli ta fita. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Wane aiki kuma, Malama? Ai ni ba na aikin komai, ina zaune ne a gida."

Gurbi biyu ne a gaban tambayar, eh da a'a. Na daɗe riƙe da biro ban rubuta ko ɗaya ba. A farkon shekarar 2020 ke nan, ina shekara ta biyu da fara digirin digirgir a fannin tattalin arziki, kuma a wannan tsakar gida na gane cewa tambayar da na kwashe wata da watanni ina gogewa ba ta jin Hausa.

Amsar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mahaifinmu ya yi aiki a wata masaƙa a Kano har zuwa lokacin da masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya aka sallame su. Daga nan zaren hula da allurar Innarmu ne suka riƙe rabin gidan. Da kwasar adashenta aka biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare. Amma duk takardar makaranta da aka ce in rubuta sana'ar mahaifiya, "matar gida" nake rubutawa, kuma ban taɓa jin cewa na yi ƙarya ba.

Da na fara karatun a 2018, ina kuma koyarwa a sashen da nake ɗaliba, abin da na sa a gaba shi ne in auna giɓin da ke tsakanin albashin maza da na mata a arewacin Najeriya. Hanyar da ake bi sananniya ce, duk ɗalibin tattalin arzikin ƙwadago ya haddace ta. Jacob Mincer ya shimfiɗa lissafinta a 1974: abin da mutum ke samu yana tafiya da shekarun da ya yi a makaranta da shekarun da ya yi yana aiki. A 1973 kuma Ronald Oaxaca da Alan Blinder, kowa a nasa rubutun, suka nuna yadda ake raba giɓin gida biyu. Kashi na farko shi ne wanda ake iya bayaninsa: namiji ya fi karatu, ko ya fi daɗewa a aiki, ko irin aikin da yake yi ya fi tsoka. Kashi na biyu shi ne abin da ya rage bayan an cire duk waɗannan, wato mace da namiji sun yi daidai a komai amma kuɗinsu ya bambanta. Wannan ragowar ce ake yawan dangantawa da nuna bambanci. Na ɗauka aikina shi ne in zuba alƙaluman ƙasarmu a wannan ma'auni in ga abin da zai fito. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta riga ta ce a rahotonta na 2018 mata a duniya suna karɓar ƙasa da maza da kimanin kashi 20 cikin 100. Ni namu nake nema.

Ranar da na gabatar da tsarin binciken a gaban malaman sashe, wani dattijon farfesa ya bari na gama tsaf, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malama, ni da ke tsarin albashi ɗaya ake biyan mu da shi. In kika taka matakin da nake, ko kwabo ba zan fi ki ba. To ina giɓin yake?" Ba da gatse ya yi tambayar ba, kuma gaskiya ya faɗa. A aikin gwamnati mataki ake biya, ba a duba ko mai matakin na ɗaura zane ko yana sa hula. Na kawo sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya yi maganar biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da bambancin jinsi ba, na kawo yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1951. Ya ce, "Ai kin ƙara ƙarfafa maganata." Aka amince da tsarin, amma na fito jikina a sanyaye. Malamin da ke duba aikina ya tsayar da ni a baranda ya ce, "Kada ki yi gaggawar ba shi amsa. Ki riƙe tambayar, ki je ki dubi alƙaluma."

Alƙaluman da na fara da su na binciken gidaje ne da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya, wanda ke bin gidaje kusan 5,000 tun daga 2010. Kyauta ake sauke su a intanet in mutum ya yi rajista. Na sauke zagayen 2018 zuwa 2019, na buɗe a manhajar Stata, na fara tacewa. Na ware masu karɓar albashi. Na ware na arewa maso yamma. Na ware mata. Abin da ya rage a allon kwamfutata bai fi cikin cokali ba, kuma da na duba su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na ƙananan hukumomi, masu takardar shaida. Maza kuwa akwai kowa: darakta, direba, maigadi, lebura. Ka ga kwatancin ya karkace tun daga tushe, domin an ɗauko zaɓaɓɓun mata an jera su da gama-garin maza. Dole giɓi ya fito ɗan ƙarami, wani lokacin ma ya ɓace. James Heckman ya yi rubutu a kan wannan matsala a 1979, akwai ma dabarar gyara da ke ɗauke da sunansa, na kuma gwada ta. Amma dabara ba ta ƙirƙiro matan da ba su cikin jadawali. Hukumar Ƙididdiga da kanta tana cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba sa cikin tsarin aiki na hukuma. Idan na tsaya a kan albashi, na bar Innarmu da duk maƙwabtanta a waje.

Malamina ne ya miƙo mini wata tsohuwar maƙala ta Polly Hill, Baturiyar Ingila da ta karanta tattalin arziki a Kambirij ta zo ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina. A 1969 ta rubuta cewa akwai kasuwa guda da ke ci a cikin gidajen Hausawa, matan kulle na saye da sayarwa ta hannun yara, wanda ya tsaya a bakin titi ba zai gan ta ba. Enid Schildkrout ma ta yi irin wannan aiki a cikin birnin Kano a shekarun 1970, a kan yara masu talla. Na karanta ina jin abu biyu a raina. Na ji daɗi an rubuta. Na kuma ji ciwo cewa shekara hamsin bayan haka, ni da aka yi wa tarbiyya da kuɗin wannan kasuwa, sai da na karanta a Turanci kafin in ɗauke ta abin bincike.

Shi ya sa na yanke shawarar shiga gidaje da kaina, shi ya kai ni Kurna.

Bayan amsar da matar nan ta ba ni, na ajiye takardar a cinya na ce, "To Yaya, wannan man fa?" Ta yi dariya ta ce, "Au, wannan ai 'yar sana'a ce." Kalmar da nake nema ke nan. A bakinmu aiki na gwamnati ne ko na kamfani, ko kuma aikin gida da ba a biya. Abin da mace ke juyawa ta samu na sabulu, sana'a ne. Na koma na sake tambayar ta zama: "Wace sana'a kike taɓawa?" Ko wannan bai isa ba, sai an riƙa ambato mata: kitso fa, lalle fa, ɗinki, wankau, surfe, ƙulle-ƙullen kayan miya, awara, ɗanwake, turaren wuta da humra, ƙanƙara, dillancin atamfa, kiwon akuya. Macen da ta ce ba ta komai, kafin a kai ƙarshen jerin sai ka ji ta amsa uku.

Ina cikin wannan gyara cutar korona ta shigo, aka rufe Kano a watan Afrilu, jami'o'i kuma suna yajin aiki har Disamba. Sai a 2021 na koma fili sosai.

Shiga gida yana da ƙa'idarsa. Da mai unguwa ake farawa, a kai masa takardar sashe a yi masa bayani, shi zai haɗa ka da wanda zai raka ka. Sannan a nemi izinin maigida. Ɗalibaina mata na ɗauka su taya ni, don namiji iyakarsa zaure. Mun koyi cewa ba a tambayar mace kuɗinta a gaban kishiya ko uwar miji, kuma ba a zuwa da hantsi lokacin da ake fama da tukunya. Babbar wahalar ita ce zaton da mutane ke yi mana. Wasu sun ɗauka masu rubuta sunan tallafi ne mu, sai kowa ta koma ba ta da ko sisi. Wasu sun ɗauka haraji za a sa musu. Na riƙa faɗa tun daga bakin ƙofa: "Ba mu zo da komai ba, ba kuma za mu karɓi komai ba. Karatu nake yi." Akwai waɗanda suka ce to Allah ya ba da sa'a, suka ci gaba da harkarsu. Ban ga laifinsu ba.

Tambayar riba ita ce ta fi ba ni wuya. In ka ce wa mace, "Nawa kike samu a wata?" za ta ce, "Alhamdu lillahi, ana samun na rufin asiri." Ba ɓoyewa kawai ba ne, yawanci kuɗin sana'a da na cefane a gwangwani ɗaya suke kwana. Sai muka daina tambayar wata, muka koma bin juyi ɗaya daga farko har ƙarshe. Da matar Kurna na fara gwadawa. Muka zauna a tabarma, na ce, "Yaya, gyaɗa kwano nawa kika auno jiya?" Ta faɗa. Nawa kwano? Nawa aka niƙa a inji? Itacen nawa kika ƙona wajen suya? Kwalba nawa ta fito? Ƙuliƙulin nawa yarinya ta dawo da kuɗinsa, nawa ya yi kwantai, nawa yaran gida suka ci? Ita tana lissafi da ka, ni ina bi da biro, kuma sau biyu tana gyara mini. Da muka kai ƙarshe na faɗa mata abin da ya rage. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe itacen nan yana cin kuɗi haka." Ban ce mata komai game da ladan hannunta ba, wanda ba mu ma sa a lissafi ba, alhali tun bayan sallar asuba take kan aikin.

Wata dabarar da ta taimaka ita ce tambayar zubi. Macen da ba za ta faɗi ribarta ba, za ta faɗi nawa take zubawa a adashe kullum ko duk mako, don abin alfahari ne, kuma uwar adashe ba ta karɓar uzuri. Lokaci ma ba mu auna shi da agogo ba. Da salla muka auna: me kika yi daga asuba zuwa hantsi, daga hantsi zuwa azahar, zuwa la'asar, zuwa magariba, bayan isha. Nan na ga yadda yinin mace yake a yayyanke. Tana ɗinki ta tashi ta duba tukunya, ta dawo yaro ya farka, ta sake zama a yi sallama. Tela namiji da ke shago a bakin titi yana zama kan keke sa'o'i a jere, kuma duk mai wucewa yana ganin sa. Ita kuwa masu kawo mata ɗinki su ne maƙwabta da dangi, waɗanda suka fi kowa neman ragi da bashi.

Sai maganar jari, wadda a ganina ita ce uwar matsalar. Mai man gyaɗar nan kwano-kwano take saye, a farashin ranar, ko gyaɗa ta yi tsada ko ta yi araha. Na je wajen wani mai injin matsar mai a unguwar, shi buhu-buhu yake saye da kaka ya ajiye. Gyaɗa ɗaya, mai ɗaya, amma tun kafin a kunna wuta ya riga ya ci ribar da ita ba za ta taɓa gani ba. Kuma jarin mace shi ne asusun gaggawa na gida. Yaro ya kwanta ciwo, daga nan za a ɗiba. Biki ya taso, haka. Ga kayan ɗakin 'ya da ake tarawa shekara da shekaru. Kalmar da na fi ji a bakin matan nan ita ce "jarina ya karye". Wata ta ƙirga mini sau huɗu da ta fara daga farko.

Na kuma je kasuwar Dawanau, inda ake hada-hadar hatsi da riɗi da zoɓo. A wani sito na iske mata zaune a ƙasa layi-layi, sun rufe hanci da gefen mayafi, suna tsince tsakuwa da ƙaiƙayi. Maza suna ɗauko buhuna suna lodi a mota. Duka a kan buhu ake biyan su, amma abin da mai dako zai haɗa kafin azahar, mai tsinta sai ta kai yamma ba ta kamo shi ba. Mai siton ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Hajiya, ni ban taɓa rage wa mace haƙƙinta ba. Kowane aiki da farashinsa." Na yarda da shi. Babu mace mai dako, babu namiji mai tsinta, don haka babu wanda za a ce an biya shi ƙasa da abokin aikinsa. Ma'aunin Oaxaca zai kira wannan giɓin da aka yi bayaninsa, tunda irin aikin ya bambanta. Ni dai ban ga abin da aka bayyana ba. Wa ya yanka farashin tsinta? Masu dakon da na gani a wurin suna da shugaba, in an taɓa kuɗinsu tare suke magana. Matan kuwa kowace safiya akwai wasu a bakin ƙofa suna jiran a ce su shigo, da yawansu zawarawa ne da waɗanda mazansu suka rasu. Wadda ta ce kuɗin ya yi kaɗan, ta san akwai mai maye gurbinta kafin ta gyara zama. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda ta kai shi naira 30,000, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma hau kan masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi ba. Wato ta tsallake kusan duk macen da na zauna da ita.

Wuri ɗaya ne na ga abin da littattafai suka siffanta ƙiri-ƙiri, a ƙananan makarantu masu zaman kansu. Malami da malama, takardar shaida iri ɗaya, aji kusa da aji, albashi daban. Wani mai makaranta bai ma ɓoye ba. Ya ce, "Shi magidanci ne, yana ciyarwa. Ita kuwa mijinta ne ke ciyar da ita, kuɗinta na kwalliya ne." Na ji wannan magana a wurare da dama, kuma masu faɗar ta suna ganin adalci suke yi. Ban yarda da ita ba. Gaskiya ne addini ya ɗora ciyarwa a kan miji, ya kuma bar wa mace dukiyarta. Amma wannan tsakaninta da mijinta ne, ba rangwame ba ne da aka yi wa mai ɗaukar ma'aikata. Lada na aikin da aka yi ne. Ba a taɓa jin an rage wa saurayi albashi don ubansa mai kuɗi ne ba. Kuma malamar da muke magana a kanta, da na zauna da ita daga baya, ita ke riƙe da mahaifiyarta da ƙannenta biyu.

A 2022 na haihu, a tsakiyar yajin aikin da ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Wata takwas babu aji, babu albashi. Abokan aikina maza, duk da ƙuncin da kowa ke ciki, da yawansu sun yi amfani da zaman suka rubuta maƙaloli. Ni wanka nake da jego, sannan goyo. Sai dare ya raba, in yarinya ta yi barci kuma an kawo wuta, nake buɗe kwamfuta in shigar da takarda biyar ko shida kafin ta motsa. Akwai taron masana da aka karɓi maƙalata ban je ba, don ba ni da wanda zan bar wa jaririya, tafiya da ita da mai raino kuma ta fi ƙarfin aljihuna. A jami'a da maƙala ake hawa mataki. Da lokacin ƙarin girma ya zo, wani da aka ɗauke mu aiki rana ɗaya ya cike adadin da ake nema, ni ban cike ba. Ya cancanta, na taya shi murna da zuciya ɗaya. Ba wanda ya zalunce ni, ba wanda ya taɓa kwabo a albashina. Amma daga wannan shekarar ya fi ni ɗauka, zai kuma riga ni isa mataki na gaba, kuma kuɗin fanshonsa zai fi nawa. A lokacin ne na samu amsar tambayar farfesa. Tsani ɗaya muke hawa, amma ɗaya na hawa da goyo.

Na koma wa wasu daga cikin matan a farkon 2023, lokacin da aka canja takardun kuɗi tsabar kuɗi ta yi wuya. Sana'ar cikin gida da canji take rayuwa, naira hamsin, naira ɗari. 'Yan kasuwa maza suka koma karɓar kuɗi ta waya. Mata da yawa ba su da asusun banki, wasu wayar ma ta maigida ce. Yarinya ta fita da faranti ta dawo da shi kusan yadda ta fita. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, kuɗin niƙa da na mota suka tashi. A watan Agusta Hukumar Ƙididdiga ta fitar da sabon lissafi cewa rashin aikin yi kashi 4.1 ne cikin 100, bayan ta ce na ƙarshen 2020 kashi 33.3 ne. Mutane suka yi ta surutu. Abin da ya faru shi ne an canja ma'auni ya dace da na duniya: duk wanda ya yi aikin neman kuɗi ko na sa'a ɗaya ne a mako, mai aiki ne. Ta wani ɓangare na yi farin ciki, don yanzu mai ƙuliƙuli ta shiga lissafi, muddin an yi mata tambayar da za ta gane. Sai dai kasancewarta mai aiki bai gaya wa kowa abin da ke saura a hannunta bayan an cire kuɗin itace ba.

Maƙalar farko da na fitar daga binciken, mujallar da na aika wa ta dawo da ita. Ɗaya daga cikin masu tantancewa ya ce ribar sana'a ba albashi ba ce, ta haɗa ladan aiki da ladan jari, bai kamata in kwatanta su kai tsaye ba. Na yi kwana biyu ina jin zafi, sannan na yarda yana da gaskiya. Na zauna na raba lissafin, na nuna abin da jari ke kawowa daban da abin da sa'o'in aiki ke kawowa. Gyaran ya ci wata uku, kuma shi ya fito da ƙarfin aikin, don a nan aka ga cewa tazarar jari ce ta fi kowace tazara faɗi. Wata mujallar ta karɓa bayan gyara sau biyu.

Ina cikin shirin kare kundi, ranar 9 ga Oktoba 2023, aka sanar da cewa Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki. Ita ce mace ta uku da ta samu, bayan Elinor Ostrom a 2009 da Esther Duflo a 2019, kuma ta farko da ta ɗauka ita kaɗai. Ɗalibaina suka yi ta turo mini saƙo. Na san aikinta tun ina digiri na biyu: yadda ta bi tarihin aikin matan Amurka na shekara 200, da yadda ta nuna cewa a yau mafi yawan giɓin yana buɗewa ne bayan haihuwar fari, tsakanin mace da namiji masu sana'a iri ɗaya. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne wani ɓangare da ba a cika ambata ba. Ta tono tsofaffin takardun ƙidaya ta iske ana rubuta wa matan aure "matar aure" a gurbin sana'a, alhali suna noma tare da mazansu, suna sana'o'i a cikin gida. Da ta gyara lissafin, sai ga shi matan aure masu aiki a Amurka a ƙarshen shekarun 1890 sun kusa ninka abin da ƙidaya ta nuna sau uku. Na tuna takardun makarantar da na cike da hannuna.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya riƙe ni kusan sa'a uku. Ya matsa a kan yawan gidajen da na shiga, ya ce ba zan yi magana da sunan arewa duka daga unguwannin Kano ba. Na amsa na rage da'awar. Dattijon farfesan nan yana zaune a gefe. Da aka ba shi dama ya ce, "Malama, har yanzu ina bin ki bashin amsa." Na ba shi labarin siton Dawanau, da makarantar nan, da shekarar da na haihu. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ki rubuta shi haka a babi na ƙarshe, yadda kika faɗa yanzu." Aka ba ni wata uku in yi gyara.

Bayan an sa hannu na koma Kurna da 'yar tsaraba. Na iske ta daina man gyaɗa, ta koma awara, ta ce gyaɗa ta fi ƙarfin jarinta. Yarinyar da ke kai talla an yi mata aure, ƙanwarta ce ke fita yanzu bayan an taso daga makaranta. Na gaya mata na gama, kuma lissafin da muka yi a tabarma yana cikin littafin, ba tare da sunanta ba. Ta yi mini addu'a sosai, sannan ta ce, "To Malama, yanzu za a ba mu jari?" Na ce mata ba ni da ikon wannan, abin da zan iya shi ne in kai maganar inda ake jin ta, in kuma dawo. Na roƙe ta ta bar ni in riƙa zuwa duk bayan wata shida muna lissafi, ita da sauran matan, don a ga yadda jari ke tashi da yadda yake karyewa. Ta ce ba komai, amma in riƙa zuwa bayan la'asar. Ta jawo tabarma, na buɗe jaka na ciro sabuwar takarda, na ce, "Yaya, waken suya kwano nawa kika jiƙa jiya?"